Ta Hannun Dama Na Tsaya

"Ba ki ɗaga allon ba!"

"Ni ce ban ɗaga ba?"

"Ke fa! Da kin ɗaga ai da na gani!"

Ya yi cilli da hular kwanonsa kan teburin gareji, sifanu suka watse a ƙasa. Taɓo har cikin kunnensa. Ni kuwa ga allon a hannuna, rubutun allin ko gogewa bai yi ba, kafaɗata sai zogi take saboda ɗagawa.

"Karanta!" na ce, na kai masa shi dab da hanci. "Me aka rubuta a nan? Mai lamba tara na bayanka, daƙiƙa biyu! Sau uku ina ɗagawa har da tsalle, kamar mahaukaciya. Ka zo ka wuce ni kamar ka wuce kututture!"

Baba, wato mahaifina, yana durƙushe yana kwance tayar baya. Bai ɗago ba ya ce, "Ku biyun nan, in kun gama ku tattara min sifanuna."

Mai cilli da hular nan mijina ne, wanda 'yan kallo suke kira Guguwa. Sau uku a jere yana ɗaukar kambun tseren babur na cikin daji, irin wanda ake hawa tudu a dira kwari, a keta taɓo a yi tsalle sama kamar ba za a sauko ba. Baba ne bakanikensa tun yana sabon shiga. A garejin nan ya fara gani na, ina miƙa wa Baba ƙusa, ya ce wai hannuna ya fi ƙarfin ƙusa. Na ce masa bakinsa ya fi ƙarfin baburinsa. Shekara guda bayan nan muka yi aure.

Aikina a fili shi ne allo. Mai tsere ba ya jin magana, ba ya waiwaye. Don haka sai wani nasa ya tsaya a bakin hanya ya rubuta masa zagaye nawa ya rage, da wanda ke binsa. A filin da ake yin manyan tsere, akwai wani dogon gangare da ke ƙarewa da muguwar kwana ta hagu. A cikin kwanar nan nake tsayawa, da mayafina ruwan ɗorawa, shekara shida cur.

Ran da na fara, Baba ya zana min layi da diddigensa. "Nan za ki tsaya, Auta. Kada ki gusa ko taku ɗaya. Da ke yake auna birki. In ya hango mayafin nan, ya saki totur, ya kwanto wajenki."

Ban taɓa gusawa ba. Shi ya sa maganarsa ta ƙona min rai.

Kwana biyu ba na yi masa magana sai abin da ya zama dole. Ni ba a yi ni da saurin huce fushi ba, kowa a gidanmu ya sani.

A rana ta uku da safe yana zaune a kujerar falo yana ɗaure takalmi. 'Yarmu mai shekara uku ta taho da gudu daga ɗaki, hannuwa a buɗe, ta gefen hagunsa. Ya miƙe tsaye kawai, gwiwarsa ta make ta, ta faɗi tim.

"Subhanallah! Daga ina kika fito?"

Ya sure ta yana lallashi. Ni kuwa na tsaya da butar shayi a hannu. Daga ina ta fito? Ai a gabansa take, in dai gefe gaba ne.

Sai abubuwa suka fara dawo min ɗaya bayan ɗaya. Yadda kafaɗarsa ke bugun ƙofar banɗaki. Yadda ya koma juya kai gaba ɗaya in ana magana, kamar mujiya. Yadda ya sauya gefen da yake kwanciya. Duk tun bayan faɗuwar da ya yi wata huɗu da suka wuce, wadda hular kwanonsa ta tsage, amma ya tashi yana dariya yana ɗaga wa mutane hannu.

Na ajiye butar. Na ɗauko allona a bayan ƙofa, na rubuta, "Na yafe maka, Nawa." Na lallaɓa na tsaya ta hagunsa, ko taku biyu babu tsakaninmu, na ɗaga.

Yana hura wa yarinyar goshi. Na ƙirga har ashirin a zuciyata. Bai gan ni ba.

"Nawa..."

Ya zabura, ya juyo da kai duka. Ya karanta allon, ya kalli inda nake tsaye, ya gane abin da na yi. Murmushin da ya fara ya mutu a hanya.

"Tun yaushe?" na tambaya.

"Mai allo, zauna mu yi..."

"Tun yaushe na ce!"

Ya sauke yarinyar, ya ce ta je ta ɗauko 'yar tsanarta. Sannan ya zaro wata takarda da ya ninke a cikin aljihun jakar kayan tsere, ya miƙo min.

"A hankali ya zo," ya ce. "Kamar ana jan labule daga wannan gefen. Gabana ina gani tar. Dama ma haka. Hagun ne ya tafi. Na je wajen likitan ido ni kaɗai."

"Me ya ce?"

"Ya ce ba zai dawo ba."

"Sai me kuma?"

Na buɗe takardar da kaina. Layin ƙarshe ko makaho aka karanta wa zai gane: kada ya sake hawa babur.

"Kuma ka tsaya a gaban Baba ka ce ni ce ban ɗaga allo ba!"

"Tsoro nake ji, Mai allo. Ban san abin da zan ce ba."

"Tsere nawa ka yi a haka? Uku? Kai wane irin mutum ne? Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne!"

Kalmar tana fita na so in kamo ta. Ya runtse ido kamar na mare shi.

"Ban makance ba tukuna," ya ce a hankali. "Saura ɗaya. Ran Lahadi. In na ci, kambu na huɗu kenan, ba wanda ya taɓa yi. Daga nan na ajiye, wallahi na ajiye. In zauna a gareji in riƙa miƙa wa Baba ƙusa, ke ki riƙa yi min dariya."

"In kuma ka faɗi?"

"Ba zan faɗi ba."

"Gobe zan kai takardar nan wa likitan fili."

Ya tashi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ba ihu ya yi ba, kuma da ihun ya yi da ya fi min sauƙi.

"In kika kai, za su karɓe min lasisi a gaban kowa. Za a ce Guguwa ya tashi a tutar babu, matarsa ce ta kai shi. Tun ina shekara sha huɗu ban iya komai ba sai wannan. Ki bar ni in sauka da ƙafata. In kika kai... zan zauna da ke, don ba zan iya rabuwa da ke ba. Amma ban san ranar da zan sake kallon ki da zuciya ɗaya ba."

Wannan maganar ce ta karya ni. Ni da nake da baki kamar reza, sai ga ni na zauna a ƙasa ina kuka. Gaskiya ɗaya ce, fushinsa nake tsoro. Na saba da shi yana shigowa yana kiran "Mai allo!" tun daga bakin ƙofa. Ban san yadda zan zauna gida ɗaya da shi yana kawar da kai ba.

Ya durƙusa ya riƙe hannuwana. "Akwai dabara, rabin raina. Duk filin na haddace shi. Kwanar ƙarshen ce kawai ke ba ni wahala, don ba na ganin ki. Ki koma ta dama. In na hango ki, in taka birki, in kwanta ɗaya gefen. Shi kenan fa."

"Shi kenan?"

"Shi kenan. Zagaye goma ne kacal."

Na cusa takardar a jakata. Na gaya wa kaina ina da sauran kwana huɗu, in na ga abin bai yi ba zan miƙa ta. Haka mutum yake yaudarar kansa.

Ran Juma'a Umma, mahaifiyarsa, ta zo ganin jikarta. Ita ba ta taɓa zuwa fili ba. Ranar tsere takan rufe ɗaki ta kashe rediyo har sai an buga mata waya. Shi kaɗai Allah ya ba ta.

Ta same ni a kicin, ta tsaya tana kallo na.

"'Yata, kin rame."

"Aiki ne, Umma."

"Shi ma na ga ya sauya. Ɗazu na miƙa masa ruwa, sai da na yi magana ya karɓa." Ta matso. "Kin tuna abin da kika ce min ran da aka kawo ki? Kin ce ke ce idona a wurin nan da ba na iya zuwa. Kin ce in kika ga wani abu, ni za ki fara faɗa wa."

"Na tuna."

"To akwai wani abu?"

Jakar tana rataye a jikin ƙofa, ko miƙa hannu na yi zan taɓa ta. Daga falo ina jin sa yana yi wa yarinyar kukan babur da baki, tana ƙyalƙyala dariya.

"Babu komai, Umma. Tunanin tsere ne kawai."

Ta dafa kaina. "Allah ya yi miki albarka. Hankalina ya kwanta."

Ban taɓa jin albarka ta yi min nauyi irin na ranar ba.

Ran Asabar aka yi gwaji. Na ɗauki allona na tsallaka hanya na tsaya ta dama. A can gefen, igiya ce, sai tsofaffin tayoyi da aka jera, bayansu kuma kwazazzabo mai duwatsu. Baba ya hango ni, ya taho yana ɗingishi da tsumma a kafaɗa.

"Auta, wa ya aike ki nan?"

"Shi ya ce. Wai rana na haske masa ido ta can."

Baba ya ɗaga kai ya kalli sama. Hadari ne ya rufe ko'ina.

"Wace ranar?"

"Haka dai ya ce, Baba."

"Shekara shida yana kwantowa wajen mayafin nan. Kina tsammani da kai ake tuƙa babur? Zagayen farko ne na kai. In gajiya ta zo, jiki ne ke tuƙi, shi kuwa jiki abin da ya saba yake yi. Sabo turken wawa, ba ki taɓa ji ba? Ki koma kan layinki."

"Baba, shi ne a kan babur, shi ya san abin da yake so."

Ya daɗe yana kallo na. Mutumin da ya raine ni shi kaɗai tun rasuwar mahaifiyata, wanda ban taɓa ɓoye wa ko ciwon kai ba.

"Akwai abin da ban sani ba?"

"Babu."

A gwajin kuwa komai ya tafi daidai. Sau biyar yana gangarowa, ya hango ni, ya taka birki, ya kwanta hagu sumul kamar an zana. Da ya tsaya ya cire hula, ya ɗaga ni sama a gaban mutane.

"Kin gani? Na gan ki! Duk sau biyar ɗin na gan ki, Mai allo!"

"Sauke ni, kai ko kunya ba ka ji!"

Na yi dariya ranar. Ita ce dariyata ta ƙarshe mai daɗi.

Lahadi ta zo da ruwa. Tun safe ake yayyafi, filin ya zama taɓo mai santsi. Kafin ya hau, na ɗaure masa igiyar hula kamar kullum. Tantin likitan fili yana bayanmu, ina ganin likitan yana shan shayi. Jakata tana kafaɗata.

"Yau kin daɗe kina ɗaure ta," ya ce.

"Sanyi ne."

"Yau a gida zan ci abincin rana, ni da ke da 'yar rigimar nan. Daga yau kin huta da alli." Ya kashe min ido. "Ta dama fa."

"Ta dama."

Aka ɗaga tuta. Babura ashirin suka yi ruri lokaci guda.

Zagaye na farko ya fito na uku. Na huɗu ya wuce gaba. Duk sanda ya gangaro sai in ɗaga allo, ya taka birki, ya kwanta hagu, taɓo ya watso min a ƙafa. Shida. Bakwai. Takwas. Na fara jin kamar Allah ya rufa mana asiri.

A na tara ruwan ya ɓalle da ƙarfi. Na ga kafaɗunsa sun sauko, alamar gajiya, na san shi. Tabaraunsa ya cika da taɓo, ya share da bayan hannu. Mai lamba tara ya matso har yana shinshinar tayarsa.

Na rubuta da allin da ke narkewa a hannuna, "Na ƙarshe. Daƙiƙa ɗaya."

Sai ga shi a saman gangaren. Jama'a na ihu, "Guguwa! Guguwa!" Kwana ɗaya ta rage, daga ita sai tuta. Na ɗaga allon iya tsawon hannuna, iska tana kaɗa mayafina.

Ya taka birki daidai inda ya kamata.

Sannan ya kwanto wajena.

Ba hagu ba. Wajena, kamar yadda ya yi shekara shida.

Ban iya motsi ba. Babur ɗin ya nufo ni kai tsaye. Na ga lokacin da ya farga, kansa ya ɗago. Da ya miƙe da ni zai haɗa, in tare masa gudu, ƙila ya tsira da karaya. Sai ya fizge kan babur ɗin da dukkan ƙarfinsa. Tayar ta wuce ni da tazarar tafin hannu, ta tsinke igiya, ta daki tayoyin. Shi kuwa ya tashi sama, ya faɗa kwazazzabon.

"Nawa! Nawa!"

Ban san yadda na sauka ba. Na dai tsinci kaina a kan duwatsu, ina riƙe da hularsa, Baba yana ihu, "Kada ki cire! Kada ki motsa masa wuya!"

Kwana uku ya yi a asibiti. Ƙashin wuya ne. Likitoci suka riƙa magana ƙasa-ƙasa, irin wadda ba sai an fassara wa mutum ba.

A rana ta biyu da hantsi ya buɗe ido. An ɗaure masa wuya, ba ya iya juya kai. Umma tana zaune ta hagun gadon, ta riƙe hannunsa da ba ya jin komai. Ni ina tsaye ta dama.

"Mai allo..."

"Ga ni, Nawa."

"Na taɓa ki?"

"Ko ƙwarzane."

"Alhamdu lillahi." Ya numfasa da ƙyar. "Na ci?"

Na so in ce ya ci. Amma na ƙoshi da ƙarya.

"Ba ka ci ba."

Leɓensa ya motsa. "Ke dai... ba ki iya lallashi ba."

"Kai ka zaɓo ni a haka."

"Kuma zan sake." Hawaye ya gangaro masa zuwa kunne, na share. "Ba laifinki ba ne, kin ji? Na ga mayafin ne kawai... jikina ya tafi." Sannan ya ce, "Umma ba ta zo ba?"

Fuskar Umma tana dab da kafaɗarsa.

"Ga ni nan, ɗana."

"Ina? Ki zagayo ta nan, Umma. Wannan gefen ya daɗe da tafiya."

Ya daɗe da tafiya, in ji shi. Umma ta ɗago ta kalle ni. Ta tashi ta zagayo, na matsa mata, ta sunkuya inda zai gan ta. Ya yi mata murmushi irin na yaron da aka kama da laifi.

Washegari da la'asar ya cika.

Bayan mako biyu, da mutane suka ɗauke ƙafa, na same su su biyu a falon. Umma tana taje wa yarinyar kai. Baba yana zaune a bakin kujera, ya tsufa a 'yan kwanakin nan. Tun ranar bai buɗe gareji ba. Kullum maganarsa ɗaya, da ya sani da ya janyo ni da hannunsa ya mayar da ni kan layi.

Na durƙusa, na zaro takardar daga jaka. Ta jiƙe ta bushe, gefenta ya yi taɓo. Na ajiye a tsakaninsu.

Baba ya saka tabarau ya karanta a fili, har layin ƙarshe. Ya duba kwanan watan. Ya ninke ta a hankali, ya cire tabaraun.

"Na tambaye ki, Auta," ya ce. Ya tashi ya fita.

Umma ta ci gaba da taje kan, har ta kai ƙarshen layi.

"Ranar Juma'ar nan, a kicin, tana wurinki?"

"Tana cikin jaka, Umma. A jikin ƙofa."

"Me ya hana ki?"

"Ya ce zai yi fushi da ni. Ya ce ba zai sake kallo na da zuciya ɗaya ba. Na ji tsoro, Umma... son shi nake yi."

Na jira ta zage ni. Na jira ta ce in fita mata daga gidan ɗa. Wallahi da ta yi da na ji sanyi.

Sai ta ajiye mataji, ta kalli kujerar da yake zama ya ɗaure takalmi.

"Da kin ba ni ita, 'yata, da yanzu yana zaune a can yana fushi da ke."

Na juya na kalli kujerar. Takalmansa na gida suna ƙarƙashinta, ɗaya a kife, yadda ya bar su.

Ya Allah, fushin nan nake so. Ya kawar da kai, ya ƙi cin abincina, ya shekara goma bai kira ni Mai allo ba. Zan ɗauka. Zan zauna ta damarsa in jira, har ranar da zai huce.